Irin Gwaggo Hindu

Litinin, 24 ga Mayu 2010, bayan la'asar

Na tsinci wannan littafi a akwatin Baba, rabinsa lambobin kayan mota, rabinsa fari. Na ɗauki farin. A gidan nan ba mai barina in kai ƙarshen magana, to bari in gaya wa takarda.

Yau kwana goma sha ɗaya motar Baba tana tsaye a tsakar gida baki buɗe. Shi da kansa ya sauke radiyata, ya cire murfin gaba, ya zare tsohuwar kuruwa, wato bel ɗin nan mai haƙora da ke sa saman inji da ƙasansa su juya tare. Ya ce ta tsattsage, har ta tsallake haƙori, in aka ƙara tafiya da ita inji zai ci kansa. Ya zuba notuna a tsohon kwanon shan Inna, ya ce sai gobe. Goben ce muka same shi kwance gefen taya, buta ta kife kusa da shi.

Yanzu yana kan tabarma a gindin itacen bedi. Hannun dama ba ya ɗaguwa, ƙafar ma haka. Magana tana fita rabi-rabi. Likita ya faɗi abin da ya faɗa. Shekara arba'in duk Tasawa ana cewa a kai wa Na Allah mota, wato Baba, yau ga tasa a gabansa yana kallo.

A ƙarƙashin gadon Inna akwai buhu biyu na irin gero da ɗaya na wake. Na Gwaggo Hindu ne, yayar Baba, da matan ƙauyensu, Gidan Barmo, can bayan Atantane. Bara ba su girbe komai ba, irin da suka ajiye kuma yunwa ta sa sun daka shi. Mazansu duk sun tsallaka Najeriya. Matan ma sun ɗaure kaya za su bi, sai Baba ya aika wa Gwaggo cewa kada kowa ya tashi, iri yana zuwa kafin ruwa. A kan maganarsa suka kwance kaya.

In ruwa ya sauka can iri yana nan ƙarƙashin gado, shi ke nan, mun kashe musu shekara.

Talata, 25 ga Mayu, da hantsi

Ƙanena Mutari ya gwada. Direba ne na ƙwarai, ban hana shi ba, amma hannunsa na juya sitiyari ne. Noti ɗaya ya ɗauka ya sa shi a karkace, ya danna da ƙarfi har ya yi ƙara. Baba ya juyar da fuska wajen katanga, bai sake juyowa ba sai azahar.

Na ce a kira wani bakanike. Mutari ya ce Ɗanladi, wanda Baba ya koyar, ya tafi Libiya tun watan uku. Sauran kuwa da an ambaci sunansu sai Baba ya buga tabarma da hannun hagu. Ba ya so su gan shi a haka. Kuma ya ce, da ƙyar muka gane, famfon gazuwal ɗin motar, wato na man dizal, ba nata ba ne na asali, shi ya haɗa mata na wata, kuma shi kaɗai ya san zamansa.

Na ce to a ba motar kasuwa buhunan. Mutari ya ce motar kasuwa a Atantane take tsayawa, daga nan rairayi ne zalla, kuma shanun amalanke da suka rage ba su iya ɗaga kansu balle kaya. Motocin da ke shiga yashi duk an ɗebe su jigilar hatsin taimako.

To. Mun zauna muna kallon juna.

Laraba, 26 ga Mayu, da yamma

Ba hadari. Alhamdu lillahi. Allah ya yafe mini wannan alhamdu lillahin.

Alhamis, 27 ga Mayu, bayan azahar

Mutari ya tafi aikin haƙar ramukan tare ruwa da ake biya da hatsi, don a samu abin ɗora tukunya. Inna tana ɗaki. Ni kuma na gaji da zama. Tun da na dawo daga asibiti ni kaɗai da zanen goyon ɗiyata Zuhura a ninke, hannuwana ba su san abin da za su riƙe ba. Mijina Cha'ibu ya ce in zauna gidanmu har ya dawo daga Agadas. Ina nan zaune.

Sai na jawo kwanon notuna, na zuba ɗan gazuwal, na shiga wanke su ɗaya-ɗaya ina jerawa kan faifai, manya gefe, ƙanana gefe. Ba don komai ba. Can na ji daga bayana:

"A ɗauko... kile... sha biyu."

Na waiga. Ba ni yake kallo ba, reshen bedi yake kallo. Ni ce ɗiyar fari, tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba, bai kuma taɓa tsayawa ya yi dogon zance da ni ba. Inna ma haka. In suna so na sai dai in ji "a kawo ruwa", "a rufe ƙofa". Ina yarinya har haushi nake ji, ina cewa ko iska suka haifa.

Na buɗe akwati na ɗauko ƙarfen kwance noti da aka rubuta wa 12. Na nuna wa reshen bedi. Baba ya gyaɗa kai.

Har la'asar muna haka. Ya sa na kwance ɗan wilin da ke ɗame kuruwa, na juya shi kusa da kunnensa. Ya ce lafiyarsa lau. Inna ta fito ta gan ni tsugune gaban mota, zani ɗaure a ƙugu, ta ce, "Lalle! A rufe ƙofar waje dai kafin maƙwabta su samu abin kai wa rijiya."

Asabar, 29 ga Mayu, da safe

Mutari ya kawo sabuwar kuruwa daga kasuwa, yana ta cika baki wai mai shago ya rantse ita ce. Baba bai ko taɓa ta ba. Ya ce, "A ƙirga."

Na sa alli a haƙori ɗaya na bi. Tsohuwa ɗari da ashirin da tara. Sabuwa ɗari da talatin. Na sake, na kuma sake.

Mutari ya ce, "Haba Yaya, haƙori ɗaya! Kaka ma da haƙora huɗu take cin goro."

Na ce, "To ka ɗaura wa Kaka."

Baba ya yi wani sauti. Na tsorata, na zaci sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce, irin wadda ta rage masa. Inna ta shige madafa da sauri, na ga tana goge ido da bakin kallabi.

Babu irinta a Tasawa. Sai an aika Maradi.

Litinin, 31 ga Mayu, da hantsi

An fita roƙon ruwa. Duk gari ya fita bayan gari, har sojoji biyu na gani sun ajiye hula sun shiga sahu. Tun da suka karɓi mulki rediyo ta fara faɗin yunwa da sunanta, da kuwa ba mai iya faɗa. Faɗin bai cika tukunya ba, amma dai an faɗa.

Na tsaya can baya cikin mata. Liman yana roƙo, mutane suna amin, wata tsohuwa kusa da ni tana kuka, ta ce akuyarta ta ƙarshe ta mutu jiya. Ni kuwa bakina yana cewa amin, cikina yana cewa ya Allah ba yau ba, ka ba ni mako ɗaya. Wace irin mace ce ni? Gari na ƙonewa ina roƙon rana.

Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Yau na koyi alamomi. Wili uku ne kuruwa ke kewayewa: na ƙasa, na sama, da na famfon gazuwal a gefe. Kowane yana da ɗan tsagi, kuma a jikin inji akwai tsagin da zai yi daidai da shi. In ukun ba su tsaya inda ya kamata ba, ko dai mota ta ƙi tashi, ko ƙarafan ciki su yi karo.

Matsalar ita ce Baba ba ya gani daga tabarma. Mutari ya ce bari ya ɗauke shi. Baba ya dube shi kallo ɗaya, Mutari ya ja baya.

Inna ce ta kawo dabara. Ta shiga ɗaki ta ciro babban madubinta na aure, mai katakon da aka zana wa furanni, wanda tun ranar da abin ya faru ta juya fuskarsa bango. Muka jawo tabarmar Baba gefen mota, muka jingina shi da matasai. Inna ta tsaya gaban mota ta karkata madubin, sai ga gaban inji duka a idon Baba, shi kuma ba ya ganin fuskarsa.

Ya ce, "Madalla." Sarai ta fita, ba gargada.

Laraba, 2 ga Yuni, da azahar

Iska mai zafi daga gabas. Farcena biyu sun karye. Kunu sau ɗaya.

Alhamis, 3 ga Yuni, kafin magariba

Kuruwa ta iso daga Maradi. Ɗari da ashirin da tara, na ƙirga sau uku.

Na kai wilin ƙasa kan alamarsa, na kai na sama kan tasa. Baba yana kallo a madubi yana gyaɗa kai. Da na zo na famfo na daidaita tsagi da tsagi, sai ya buga tabarma. Ya ɗaga yatsa biyu. Na gane, wannan shi ne sirrin da ya ce shi kaɗai ya sani: famfon ba ya zama kan alama, sai an gusa shi haƙori biyu. Na ce wane gefe? Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa. Ya sake, ta ƙi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Na ce wa Inna, ba shi ba, "Bari a juya, in ya yi a faɗa."

Na juya gefe ɗaya, ya girgiza kai. Na juya ɗaya gefen, ya ƙura wa madubi ido, ɗaya, biyu, ya ɗaga hannu. Wilin famfo yana da taurin kai, yana son komawa, sai da Mutari ya riƙe mini shi na zura kuruwa. Na saki ɗan wilin ɗamewa ya kama ta, na ɗaure.

Baba ya ce, "A juya... da hannu. Sau biyu. In ya cije... a tsaya."

Na sa dogon kile na juya inji da hannu. Bai cije ba. Alamomi suka dawo inda na bar su.

Gobe radiyata. Wayyo, bayana.

Juma'a, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Ta ƙi.

Mun mayar da komai, mun zuba ruwa, Mutari ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi gur-gur-gur, ta fesa farin hayaƙi mai yaji a ido, ta yi kamar za ta kama, ta saki. Sau bakwai. A na takwas batir ya mutu.

Inna ta ɗauki madubinta ta koma ɗaki.

Asabar, 5 ga Yuni, da yamma

Mutari ya kai batir caji. Na matse ɗan famfon hannu har yatsana ya kumbura don fitar da iska daga bututun gazuwal. Na wanke matatar gazuwal. Na duba wayoyin ɗumama inji ɗaya-ɗaya. Ban ga komai ba. Duk wannan da kaina na yi, da abin da Mutari ya tuna. Baba bai ce a ɗauko komai ba yau.

Mun sake gwadawa. Farin hayaƙi.

Lahadi, 6 ga Yuni, da hantsi

Masu zuwa kasuwa daga Hawandawaki sun ce an yi ruwa wajensu shekaranjiya, har an fara shuka. Daga kudu yake tasowa. Mutane suna ta murna a bakin titi, ni kuma na shige gida.

Baba ya ƙi kunu. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Can ya ɗora yatsa a goshinsa ya ce mata, "Nan ma... ya tafi."

Inna ta ce, "Kai dai Malam, sha kunu."

Ya ce, "Na ce... da Yaya Hindu... ta zauna."

Hannu ya tafi bai yi kuka ba, ƙafa ta tafi bai yi ba. Yau na ga hawaye yana bin gefen fuskarsa yana shiga kunne, shi kuma ba hannun da zai kai can. Kunya ba ta bar ni na goge masa ba. Na shiga bayan mota na zauna a ƙasa na yi nawa.

Litinin, 7 ga Yuni, da azahar

Mutari ya ce gobe zai ɗauki rabin buhu a ka daga Atantane ya taka da ƙafa. Rabin buhu ga gida goma sha ɗaya. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ban san me zan yi da su ba.

Talata, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta.

Da hantsi Baba ya ce a kawo madubi. Inna ta ce wane madubi, an gama da shi. Ya ce ba na mota ba, fuskarsa yake so ya gani. Ta ƙi, ya nace, ta shige ɗaki ta bar ni da shi. Ni na ɗauko. Na durƙusa a bayansa na tallafe shi da kafaɗa, na miƙa madubin gabansa.

Ya daɗe yana kallo. Ni ma ina kallo ta saman kafaɗarsa, sai wani abu ya dame ni. Kusan wata guda ina ba shi kunu, kullum gefen bakinsa da ya zube yana hannun haguna. A madubi ga shi a dama.

Na kalli madubi, na kalli mota. Na ajiye Baba kan matasai ba ko sannu, na ruga na tsaya inda Inna ta tsaya ran Alhamis, na ɗaga hannuna na dama gaban gilashin. Kai! Kai, kai, kai! Mu huɗu manya, da mai gemu da mai furfura, ba wanda ya tuna abin da kowace yarinya mai saka kwalli ta sani.

Na dawo na durƙusa gabansa. Ban yi ta bakin Inna ba, ban yi ta reshen bedi ba. Na ce, "Baba, kanka lafiya lau yake. Haƙori biyun da ka ce daidai ne. Madubi ne ya juya maka dama ta koma hagu. Mun kai famfo baya maimakon gaba."

Ya dube ni. Ina jin wannan ne karo na farko da muka haɗa ido har na ƙirga uku. Ya kalli madubin, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya motsa shi, ya ga na cikin gilashi ya motsa ta wancan gefe. Sai ya rufe ido, kafaɗarsa tana girgiza.

Inna ta leƙo a tsorace. Ya ce mata, "Madubinki... maƙaryaci."

Ta ce, "Shekara talatin da biyar yana gaya mini ni kyakkyawa ce, sai yau ka gane?"

Ya sha kunu kofi biyu.

Laraba, 9 ga Yuni, kafin magariba

Tun da aka sallame asuba na fara. Radiyata ƙasa, fanka ƙasa, murfi ƙasa. Abin da Baba ya yini yana yi wancan karon yau kafin hantsi na gama. Na sassauta ɗan wili, na zare kuruwa.

Baba ya ce, "Mutari." Ya nuna bayansa.

Mutari ya durƙusa. Muka ɗora masa Baba ni da Inna, amma da hannu ɗaya ba ya iya riƙe wuya, yana zamewa. Inna ta waiga tana neman abin ɗaurewa. Na shiga ɗaki na buɗe ƙasan akwatina na ɗauko zanen Zuhura. Ban buɗe shi ba tun ranar. Inna ta gan shi, ta gane shi, ta karɓa. Ita ta ɗaura, ta ƙulle a ƙirjin Mutari.

Ba shi da nauyi, Mutari ya gaya mini daga baya. Ya ce buhun wake ya fi shi.

Suka tsaya gaban mota, Baba yana leƙe ta kan kafaɗar ɗansa, da idonsa, ba gilashi. Na juya famfo. Ya wuce alama, ɗaya, biyu. Ya ce, "Nan." Inna ce ta riƙe wilin da hannu biyu tana salati, na zura kuruwa, na ɗame, na juya inji sau biyu da hannu.

Bayan azahar muka gama mayarwa. Mutari ya shiga. Ya jira ƴar wutar gaban sitiyari ta mutu, ya yi bisimilla, ya murɗa.

Bugu ɗaya.

Ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi sau ɗaya, sannan ta zauna tana kaɗawa a hankali, tak-tak-tak, irin kukan da ke tada mu daga barci tun muna yara. Kaji suka watse. Inna ta rangaɗa guɗa, ta tuna akwai maƙwabta, ta toshe baki. Baba ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya karkata kunne, ya daɗe yana saurare, ido rufe. Sannan ya sauke hannun a hankali kan tabarma.

Na je wanke hannu da toka. Ina ji ya ce wa Inna, "A shafa wa... hannun nan... man shanu. Ya tsage."

Babu man shanu a gidan nan tun azumin bara. Inna ta shafa mini man gyaɗa, na bar ta tana shafawa har ya fi yadda ake bukata.

Alhamis, 10 ga Yuni, da hantsi

Baba bai tashi da magana ba yau. Idonsa biyu, yana bin mu da kallo. An kira likita.

Alhamis, bayan magariba

Walƙiya a arewa, wajen Mayahi, ba ta tsayawa. Iska ta kawo ƙanshin ƙasa.

Mutari ya ce ba zai tafi ya bar Baba haka ba. Ni ma na ce haka. Inna ta fito da buhunan da kanta, tana ja a ƙasa, ta ajiye su gaban tabarma. Ta ce, "Malam, su tafi ko su zauna?" Ya kalli buhunan, ya kalli ƙofar waje. Ya sake kallon buhunan, ya sake kallon ƙofa.

Inna ta ce da ni, ta bakin Mutari, "A bi shi. In ta tsaya a hanya wa zai taɓa ta?"

Ina tsoro. Ina tsoron tafiya, ina tsoron dawowa.

Juma'a, 11 ga Yuni, Gidan Barmo, bayan la'asar

Mun fito da aka sallame asuba. Na durƙusa na yi wa Baba sallama, ya ɗora hannun hagu a kan akwatin kayan aikinsa ya tura mini shi kaɗan.

A shingen sojoji na bakin Mayahi wani ya hau baya ya soka hannu a buhu. Ya ga jan maganin da Baba ya barbaɗa wa irin don ƙwari, ya ce na shuka ne? Muka ce e. Ya ce, "To me kuke jira? Jiya an yi ruwa can." Ya ɗaga mana igiya da kansa.

Daga Atantane muka shiga yashi. Ya jiƙe, ya yi duhu, mota tana tafiya a kansa ba ta nutsewa. Gawar shanu a gefen hanya, har na daina kallo. Duk tafiyar kunnena yana kan inji. Mutari yana yi mini magana ina ce masa yi shiru.

Da muka hau tudun ƙarshe na hango su. Mata ne wajen goma a gonar gabas da gari, a jere, kowace da sungumi, suna sara suna tafiya. Ba mai bin su da iri a baya. Ramuka ne kawai, layi bayan layi, a buɗe. Wata ta gaya mini daga baya cewa tun da gari ya waye Gwaggo ta fito da su. Sun ce mata, Hindu, sara ba iri? Ta ce Na Allah ya ce zai zo, ruwa kuma ya sauka, to zaman me za ta yi.

Gwaggo ta yar da sungumi ta taho. Ta rame ƙwarai, zaninta ya zagaye ta kusan sau biyu. Ta leƙa tagar direba ta ga Mutari. Ta zagayo ta gan ni. Ta leƙa baya ta ga buhuna.

"Ma'u, ina shi?"

"Yana gida, Gwaggo."

"Gida? Ya ce me?"

Duk hanya na shirya abin da zan faɗa, ya gudu. Na ce, "Gwaggo, ya daina cewa."

Ta tsaya riƙe da ƙofar mota. Matan suka yi cirko-cirko daga nesa. Mutari ya gaya mata sauran, a gajarce, kansa a ƙasa.

Ta ce, "To wa ya ɗaura motar? Tun tana bayan tudu na ji ta, na ce da matan nan ga ɗaurin ƙanena nan."

Mutari ya nuna ni da baki.

Ta kama hannuwana biyu ta juya su. Ta ga baƙin mai a ƙarƙashin farce, ta ga tsagar da ke babban yatsa. Ta daɗe tana kallo, tana shafawa da nata yatsan mai kaushi. Na zaci za ta faɗi. Sai ta saki, ta juya ta ce a sauke buhuna, a kawo ƙore, kowace ta zo ta karɓa, rana tana shan ƙasa.

Ta cika ƙwarya ɗaya ta miƙo mini. Ta ce, "Bi bayana. Da yatsa uku za ki ɗiba, ki rufe da dunduniya."

Ta ɗauki sungumi ta shiga gaba. Ina jefawa ina rufewa, ƙasa tana da sanyi a tafin ƙafa. A layi na uku na fara jin ta, tana sara tana kuka, tana kiran sunansa na yarinta wanda ban taɓa ji ba. Sungumin bai tsallake rami ko ɗaya ba. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da rufewa.